Tuffar Malam Uwaisu

Idan kun sauka daga jirgin District line a Barking, can gabashin London, kuka bi ta bayan layin dogo, tafiyar minti goma za ta kai ku wani fili da aka kewaye da waya aka yayyanka shi fegi-fegi. Allotment ake ce masa, kowa da ɗan wurin da yake shuka kayan miyarsa. A can na san Malam Uwaisu. Fegina na kallon nasa, 'yar hanya ce kawai a tsakani, shi ya sa na fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, don kullum a sunkuye za a same shi.

Mu sauran abin da muke shukawa bai wuce alayyafo da tumatir da albasa ba, sai attaruhu idan rana ta ga dama ta fito. Kuɓewa kam mun gwada har mun gaji. Malam ma yana shuka irin waɗannan, amma kowa ya san ba su ne suke fito da shi daga gida ba. A tsakiyar feginsa akwai wata bishiyar tuffa, ba ta da wani kyan gani. 'Ya'yanta ƙanana ne, toka-toka, fatarsu da kaushi kamar tafin hannun mai faskare. Ranar da ya fara ba ni ɗaya, ina gatsawa idona ya kawo ruwa don tsami.

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Hajiya, ke ma dai da gaggawa. Wannan ba a cin ta sai ta yi wata huɗu a ajiye. Tsohuwa ce, ba ta son a tashe ta da wuri."

Tsohuwa, haka yake kiranta. Wai fassarar sunan da masu ita suke kiranta da shi ke nan.

Shi mutumin Zariya ne. Mahaifinsa yana da lambu a gefen gari, sana'arsa auren mangwaro: a yanko reshen mangwaro mai daɗi, a haɗa shi da gindin na gida mai zare, a ɗaure tam, har su zama bishiya ɗaya. A hannunsa Uwaisu ya koyi riƙon wuƙa. A shekarar 1981 aka turo shi Scotland kwas na wata tara kan aikin lambu, kuma wata ukun ƙarshe sai aka tura shi gwajin aiki a wani tsohon gidan sarauta can arewa, Balmurran. Shi dai a bakinsa Gidan Dutse ne. To, wata taran nan su ne suka zama shekara talatin da ɗaya.

Yadda aka yi kuwa, shugaban lambun wani tsoho ne mai suna Murdo, wanda in ya yi magana uku a wuni to ya yi surutu. Mako biyu cur ba abin da ya ba Uwaisu sai baro da shebur. Wata safiya a watan Maris, Uwaisu ya wuce da baron taki ya ga tsohon a ƙofar ɗakin kayan aiki yana fama da wani siririn reshe, hannunsa na rawa, ya yanka ya jefar, ya yanka ya jefar. Sai ya ajiye baron ya miƙa hannu. Murdo ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya ba shi wuƙar. Ja ɗaya ya yi wa reshen, ja ɗaya ya yi wa gindin, ya haɗa su. Tsohon ya karɓa ya ɗaga sama yana neman inda haske zai ratsa tsakani, bai samu ba.

"Wa ya koya maka?"

"Babana."

"Daga gobe ka bar baron nan."

Malam yana son ba da labarin Gidan Dutse, musamman idan yayyafi ya koro mu cikin rumfarsa, ya buɗe filas ɗin shayi mai citta. Yakan ce gidan ya kusa shekara ɗari bakwai. Wani shugaban dangi ne ya fara gina shi, hasumiya guda tsagal a kan tsauni, tana kallon teku. Kaurin bangonta, in ji shi, mutum zai iya miƙewa ya kwanta a cikin taga ƙafarsa ba ta leƙo ba. Matakalar kuwa a murɗe take kamar tufkar igiya, mutum ɗaya kawai take ɗauka, don in abokan gaba sun shigo su hau ɗai-ɗai. Sau biyu ana ƙone gidan, sau biyu ana sake rufa shi. Lambun daga baya aka yi shi, aka kewaye shi da katanga mai tsawon mutum biyu don tare iskar teku, har da hanyar hayaƙi a cikin katangar, ana hura wuta a ƙasa lokacin sanyi don kada furanni su daskare.

Ita kuwa Tsohuwa ta girmi katangar. Wasu malaman Kirista ne da suka zauna a kwarin da ke ƙasa suka kawo ta. An ce akwai shekarar da aka yi wa gidan ƙawanya tun daga farkon sanyi, hatsi ya ƙare, nama ya ƙare, ba abin da ya rage a rumbun ƙarƙashin ƙasa sai tuffar nan da kowa ya raina. Sauran tuffa duk sun ruɓe, ita kuwa sai ƙara daɗi take yi. Da ita suka kai har ƙanƙara ta narke, masu ƙawanyar suka gaji suka tafi. Tun daga nan aka hana a bar ta ta ɓace.

Na taɓa ce masa, "Malam, bishiya ɗaya ce za ta yi shekara ɗari bakwai? Ko kuka ce?"

Ya ce, "Ina! Ai nan ne aikin yake. Tuffa ba ta gado ta iri. Ki shuka ƙwallonta, wata tuffa daban za ta fito, ba ruwanta da uwar. Sai dai aure. Kafin bishiya ta tsufa, mai lambu ya yanko reshe ya aurar a sabon gindi. Wanda ya gaje shi ma ya yi haka. Reshen da kike gani a fegina, jikin waccan ta farko ne, hannu da hannu aka miƙo shi, kamar yadda malami yake karɓar karatu daga malaminsa."

A bayan ƙyauren ɗakin kayan aikin, ya ce, akwai sunayen duk waɗanda suka aurar da Tsohuwa, kowa ya sassaƙa nasa da wuƙa. Na can sama sun goge, da ƙyar ake karanta su. Goma sha tara ne. Na goma sha takwas Murdo. Na goma sha tara, Uwaisu ɗan Zariya. Murdo ne da kansa ya riƙe masa ƙyauren yana sassaƙawa. A cikin ɗakin nan yake sallarsa, kuma Murdo ɗin nan da ba ya magana shi ya kafa masa ƙusa a bango daidai alƙibla.

A can ya yi aure, a can aka haifi 'yarsa Saudatu, a can kuma matarsa Nana Khadija ta rasu. Bayan rasuwar gwiwoyinsa suka fara gardama, Saudatu kuwa, wadda a lokacin ta zama nas a London, ta kafa masa naci har ya yarda ya dawo wurinta. Ta riga ta samar masa fegi. Da zai taho ya bar wa lambun ƙananan Tsohuwa shida da ya aurar da hannunsa, ya kuma yanko rassa uku ya naɗe a jiƙaƙƙiyar safa ya sa a aljihu. A fegin ya tarar da wata tuffar daji da ba wanda ya damu da ita, sai ya sare ta daidai ƙugunsa, kamar yadda ake yi wa mangwaro a gida, ya aura mata rassan. Ɗaya ya kama. Ku riƙe wannan: daga ƙugu zuwa sama Tsohuwa ce, daga ƙugu zuwa ƙasa tuffar daji ce kawai.

Labaran da suka riƙa zuwa daga Gidan Dutse ba masu daɗi ba ne. Magada suka sayar wa wani kamfani, kamfanin ya mai da gidan wurin bikin aure. Suna son wurin ajiye motoci da na kafa rumfa, sai suka share rabin lambun, har da ƙananan nan shida. Babbar Tsohuwar da ke jikin katanga kawai aka bari, don tana kyau a hoto. Daga baya kamfanin ya tattara ya tafi. Sai wata guguwa ta zo ta kayar da katangar a kanta, kuma ba wanda ya je wurin sai bayan ta bushe.

A watan Oktoban bara wasiƙa ta zo. Wata mata ce mai suna Morag, tsohuwar malamar makaranta a ƙauyen da ke gindin gidan. Mutanen ƙauyen sun haɗu sun karɓi lambun suna son su farfaɗo da shi, sun bi ƙauyuka da gonaki ba su sami Tsohuwa ko ɗaya ba. Sun ga sunansa a ƙyaure, suka yi ta cigiya har suka samo adireshinsa. Ko ya san inda za a same ta?

Ranar nan da babbar riga ya zo allotment. Ya bi mu fegi-fegi yana nuna wasiƙar, har waɗanda ba sa jin Hausa sai da suka tsaya suka saurara. Ya riga ya ba da amsa: tana nan, lafiya lau take. A watan Fabrairu zai yanki rassan, a Maris ya hau jirgin ƙasa ya kai musu da kansa, ya aurar, ya kuma koya wa wanda zai zama na ashirin. Saudatu har ta yi booking ɗin tikitin jirgi.

Mako biyu kafin ƙarshen shekara ya yanke jiki ya faɗi a kicin, da safe, yana haɗa shayi. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, harshe ya yi nauyi. Ya daɗe a asibiti.

Yanzu bari in gaya muku waye Fatawu. Mutumin Ghana ne, ɗan zangon Kumasi, direban bas, feginsa na jikin na Malam. Ƙaton mutum ne mai ƙatuwar murya, kuma a duk allotment ɗin ba wanda yake son Malam kamarsa. Shi yake ɗaukar masa buhun taki, shi yake kai shi masallacin Regent's Park ranar Idi. Ana cikin watan Janairu sai ya tarar da takarda a manne a rumfar Malam. Kwamitin allotment ne: ciyawa ta cinye fegin, bishiya ta wuce tsawon da doka ta yarda tana yi wa maƙwabta inuwa, in ba a gyara ba kafin ƙarshen wata za a ba wa na cikin layi. Ba mugunta ba ce, haka suke yi wa kowa.

Fatawu ya ce ba zai ɗaga wa Saudatu hankali ba, yarinyar da take tsakanin aiki da jinya. Ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ya aro zarto. Ya nome ciyawar tas, ya gyara kunyoyi, sannan ya juya kan bishiyar. To mu a gida, idan zogale ya yi tsawo me ake yi masa? A sare shi daidai gwiwa, ya sake tohowa ya fi da yawan ganye. Rassan kuma a zaɓi masu kauri, a fiffige ƙananan da ke jikinsu, a kafa a ƙasa, kowanne ya zama bishiya. Haka ya yi. Ya sare ta daidai gwiwa. Ya zaɓi manyan rassa biyar ya gyare su sumul ya kafa a jere. Sauran ya kwashe ya kai motar shara.

Kada ku ce shi kaɗai ne. Ni da nake ba ku labarin nan, ni na kawo masa shayi da ya gama, na ce, "Kai, Fatawu, Allah ya yi maka albarka, wuri ya yi fes." Duk labarin auren nan na sha jin sa, amma ban taɓa sa ido na ga inda tabon yake a jikin bishiyar ba. Ko a raina.

Ƙarshen Fabrairu aka sallamo Malam. Kwana biyu da dawowarsa ya matsa sai an kai shi fegi, lokacin yankan rassa na wucewa. Saudatu ta turo shi a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, almakashin lambu a cinyarsa. Muka fito muna ta sannu da jiki. Fatawu ya karɓi keken yana turawa da sauri-sauri, bakinsa har kunne.

"Malam, rufe ido! Rufe ido, ka ga aiki. Committee ya kawo takarda zai ƙwace wuri, ni na ce ina, ba a gaban Fatawu ba. To buɗe!"

Malam ya buɗe. Ya dubi kututturen. Ya daɗe yana dubansa. Na ga hannunsa na hagu ya tashi daga kan bargo ya tsaya a iska daidai ƙugun mutum, sannan a hankali ya sauka zuwa gwiwa. Sai a lokacin na gane: saran ya sauka ƙasa da wurin auren.

Fatawu bai lura ba, yana ta bayani. "Itace nan ya yi tsawo da yawa, na yanka shi kaman zogale. Ka bari rana ya fito, ka ga yadda zai tashi. Ga kuma yaransa biyar na shuka maka. Da guda ɗaya kake da shi, yanzu shida! Mutanen Scotland su zo da mota."

Leɓen Malam ya yi ta motsi kafin magana ta fito. Da ta fito, ga abin da ya ce: "Allah... ya saka... da alheri."

"Amin, Malam, amin! Ai ba komai."

Ya aiki Fatawu ya ɗebo ruwa a famfon da ke can bakin ƙofa. Yana ba da baya Malam ya nuna sandunan nan biyar, Saudatu ta tura shi kusa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da yatsa. Tuffa ba ta yin saiwa daga sanda, wannan ya sani. Abin da yake nema siraran rassa ne, tohon bara, masu kaurin fensir, su ne kawai ake aure da su, kuma su ne Fatawu ya fiffige ya zubar. Bakwai suka tsira daga wuƙarsa, gajeru, sun sha iskar mako shida. Saudatu ta yanko su da sauri ta cusa a jaka.

Ta ce, "Baba, dole a gaya masa. He needs to know."

Ya girgiza kai.

"Baba, ya kashe maka bishiya fa!"

"Hutu... ya ɗauka," in ji Malam. Ya juyo gare ni. "Hajiya. Ke ma... kada ki faɗa."

Na ce, "Na ji, Malam."

Gaya wa Morag ma sai da aka sha fama. Shi da ya rubuta da hannunsa cewa tana nan lafiya lau, da wane baki zai ce babu? Kwana biyar yana cewa a bari sai gobe, rassan na cikin firij a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ran na shida Saudatu ta fita waje ta buga wayar ba da saninsa ba. Matar ba ta yi faɗa ba, sai tambayar jikinsa da ta yi ta yi. Ta ce su ba su da mai lambu tukuna, amma akwai wani mai renon itatuwa a garin da ke kusa, a aiko da huɗu ta gidan waya. Uku a bari a nan, kada a sa duka a hanya ɗaya. Tikitin jirgi kuwa aka yi cancel.

Saudatu ta yi odar ƙananan gindin tuffa uku a tukwane. Azumi ya kama a lokacin. Wata Asabar da la'asar ta kira ni in zo in riƙe mata tukunya, muka shimfiɗa jarida a teburin kicin. Malam ya sa aka ɗauko wuƙarsa, wadda Murdo ya bar masa, ƙotarta ta lotse daidai inda babban yatsa yake zama. Ya fara gwadawa da hagu. Ya danne reshen gwaji da haɓarsa, ya ja, wuƙar ta zame ta faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauko, ban yarda mun haɗa ido ba. Ya tura wa 'yarsa.

Yarinyar nan hannunta ba ya rawa, ta saba da allura da ɗinki. Amma yankan aure daban ne. Ja ɗaya ake so, shafal, don fuska biyun su manne ba iska a tsakani. Ita kuwa sai ta ja ta tsaya, ta gyara, yankan ya fito da tudu da kwari. Ta ɓata rassan gwaji sun fi talatin.

"Ja," in ji Malam. "Kada... ki tura."

"Ina ja mana, Baba."

"Daga... kafaɗa."

"Which kafaɗa? Nuna mini."

Ya dubi hannunsa na dama. Abin yana cikin hannunsa, shekara sittin yana can, amma hannun yana kwance a cinyarsa kamar na wani. Bai taɓa buƙatar kalmomin da zai faɗe shi ba, yanzu kuma da yake neman su harshen ma ya ƙi. Ya buga teburin da hagu har tukwanen suka girgiza. Saudatu ta ajiye wuƙar ta shiga banɗaki, muka ji famfo na zuba. Da ta fito idonta ja wur, ta ce, "Anti, riƙe mini." Ta yi na farko, ta yi na biyu. Na ukun ne da ta ɗaga sama ya duba, ya ɗan gyaɗa kai. Aka ɗaure, aka shafe da kakin zuma, aka jera su a bayan gida jikin bango.

Daga nan sai jira. Aka yi Sallah, aka shiga watan Mayu. Morag ta bugo: huɗun nan ba wanda ya kama, mai renon ya ce sun riga sun bushe kafin su iso. A nan ma biyu suka yi baƙi. Na ukun, wata safiya, ya buɗe ganye biyu ƙanana kamar kunnen ɓera. Saudatu ta turo mini hoto tana ta alhamdulillahi. Na garzaya da murnata na tarar da Malam a kekensa a gaban tukunyar, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Ya ce, "Ruwan... jikinsa ne. A jira."

Wato reshe yakan buɗe ganye da ɗan ruwan da ya rage a cikinsa, ko da bai manne da gindin ba. Kwana takwas yana zaune gaban tukunyar nan tun daga hantsi har inuwa ta rufe ta. Ba abin da zai yi mata, ba a taɓawa, ba a kwancewa a duba. Ran na tara ganyen suka langaɓe. Ya kankare ɓawon da farcensa, cikin ya fito ruwan ƙasa.

A makon ne Fatawu ya buga ƙofa da kayan aikinsa na bas a jiki, ko zama bai yi ba.

"Malam, tashi mu je! Ya fito! Wallahi ya fito!"

Shi ya tura keken tun daga gida har allotment, ni da Saudatu muna biye. Gaskiya ne, kututturen ya yi toho, ya fi ashirin, jajaye-jajaye, sun miƙe zar suna ƙyalli, wasu har da 'yan ƙayoyi. Tuffar daji ce take murnar an sauke mata kaya. Sandunan biyar kuwa suna nan tsaye a bushe.

"Yaran ba su yi ba," in ji Fatawu, "amma uwar, ka gani? Ban faɗa maka ba? Kaman zogale!"

"Ya fito," in ji Malam.

Ya ce Saudatu ta shiga rumfa ta duba akwatin katako da ke ƙarƙashin benci. A nan yake ajiye tuffar kaka, kowace a naɗe da jarida. Tun kafin ciwon ya rarraba yawancinsu, wasu kuma sun lalace da ba mai juya su. Ta bi takardun ɗaya-ɗaya, ta fito da guda ɗaya mai kyau. Fatarta ta yamutse kamar fuskar kaka. Ya miƙa wa Fatawu wuƙar Murdo ya ce ya raba huɗu.

Ban taɓa cin ta a watan Mayu ba. Tsamin nan duk ya tafi, sai wani zaƙi mai sanyi kamar zuma, da ɗan yaji-yaji a ƙarshe kamar an gilma da citta. Muka ci. Malam ya fi kowa daɗewa, da ɓari ɗaya yake tauna.

Fatawu ya lashe yatsa ya ce, "Kai! Wannan abu. Baɗi ko baɗin baɗi, buhu za mu cika."

"Allah ya kai mu," in ji Malam.

Na ga Saudatu tana tsince ƙwallayen daga kan jaridar, guda biyar, tana naɗewa a tishu. Uban ya gan ta. Ya ce a hankali, yadda Fatawu ba zai ji ba, "Ba ita... za ta fito ba."

"Na sani, Baba."

Ta sa a aljihu duk da haka.

Daga baya Morag ta aiko da hoton ƙyauren. Sun wanke shi sun shafa masa mai, sunayen sun fito raɗau, na Malam a ƙasa, a ƙarƙashinsa katako fili. Ta rubuta cewa duk ranar da ya ji ƙarfi ya zo ya gani, za su tarbe shi a tasha. Hoton yana kan talabijin a falonsu. Saudatu ta ce wani lokaci yakan sa ta juya shi ya kalli bango, bayan kwana biyu kuma ya ce a juyo da shi.

Fegin yana nan da sunansa, kwamiti ba su sake kawo takarda ba. Fatawu yana biyowa kullum kafin ya tafi aiki, ya ba tohon ruwa, ya zaɓi mafi ƙarfi ya ɗaure shi da sanda don ya miƙe. Yanzu ya kai ƙirjinsa. Jiya ma ya ƙwalo mini kira daga can, "Hajiya, zo ka gani!" Na ajiye fartanyata na je na gani, na ce ma sha Allah.